Ajastan da Ya Ƙirga Mini Buhunan Wake Bayan Gobara

Wata Laraba cikin Fabrairun 2025, wajen ƙarfe biyu na dare, maigadin layinmu ya kira ni yana haki. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Alhaji, taso, wuta!" Daga gidana zuwa sito a nan Agege tafiyar minti goma ce a ƙafa, amma ranar ban san yadda na iso ba. Wutar daga shagon maƙwabcina mai katifa ta tashi, lokacin da aka dawo da lantarki da ƙarfi. 'Yan kwana-kwana sun zo, sun kuma yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Rufin sitona da bangon baya kaɗai wutar ta lasa. Abin da ya gama da ni ruwan da aka kashe ta da shi ne. Duk wanda ya san wake ya san abin da ruwa yake yi masa a cikin buhu: ya kumbura, ya yi zafi, kwana uku ya fara tsiro, kwana biyar ya fara wari.

Shekara 19 ke nan ina sauke wake da zoɓo daga Dawanau, citta kuma daga Kachia. Tun bayan abin nan 'yan uwa 'yan kasuwa, daga Mile 12 har Alaba Rago, suke tare ni da tambaya ɗaya: wai da gaske an biya ka? An biya ni. Amma tsakanin gobara da biyan akwai wani mutum da yawancinmu ba mu taɓa jin sunan aikinsa ba, shi ne mai ƙiyasta asara, wanda mutanen inshora suke kira ajasta. A kan aikinsa nake wannan rubutu. Ba zan ambaci sunan kamfaninsu ba, ko na kamfanin takaful ɗin da nake ciki, wato inshora irin ta Musulunci, don kada a ce talla na zo yi ko ɓatanci.

Na farkon da ya zo mini ma ba shi ba ne. Gari na wayewa, hayaƙi bai gama lafawa ba, sai ga wani mutum da kwat da jakar hannu. Ya jajanta mini da Hausa 'yar kaɗan, ya miƙo kati, ya ce shi ajasta ne, ya san kowa a kamfanonin inshora, zai fitar mini da kuɗina cikin mako biyu. Ladansa kashi 10 cikin ɗari, sai Naira 150,000 ta "buɗe fayil" da zan bayar nan take. Mutumin da dukiyarsa ke jiƙe a gabansa ba ya dogon tunani. Har na ɗauko waya zan tura, sai zuciyata ta ce in fara kiran dillalin da ya yi mini takardun inshora. Dillalin ya ce, "Alhaji, kada ka ba shi ko sisi. Ce masa ya nuna maka rajistarsa ta hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM." Da na faɗa masa, sai ya zaro takardar rajistar kamfani ta CAC, irin wadda ni ma nake da ita ta sayar da wake. Ɗana Mustapha ya buɗe shafin hukumar a wayarsa, inda take jera sunayen kamfanonin ajasta masu rajista, ya duba sama da ƙasa, babu sunan da ke jikin katin. Mutumin ya ce bari ya ɗauko wata takarda a mota. Har yau bai dawo ba.

Na gaskiyar sun zo washegari, su biyu, kuma kafin su zo kamfanin takaful ya turo mini saƙo da sunan kamfaninsu. Wani dattijon Bayarabe ne mai furfura, wanda na riƙa kira Baba, da wani matashi da ke riƙe masa kwamfuta. Matashin haifaffen Sabon Garin Kano ne, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana da aka haifa a Legas. Ba su nemi kujera ba. Baba ya naɗe ƙafar wando ya shiga cikin caɓi.

Abu na farko da ya yi shi ya sa na fara ganin girmansa. Kafin ya tambayi takarda ko ɗaya, ya ce in kira 'yan dako yanzun nan a raba buhunan da ruwa bai taɓa ba da waɗanda suka jiƙe, a fito da jiƙaƙƙun a farke a shanya a kan tamfol. Ni kuwa da gangan na bar komai yadda yake, don wani ya ce mini in na taɓa kaya kamfani zai ce na ɓata shaida. Baba ya ce a'a, hoto ya isa shaida, kuma yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ɗora mini nauyin rage asara gwargwadon iko. Buhun da na bari ya ruɓe alhali ina iya cetonsa, ba za a ƙirga mini shi ba. Suka ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, sannan aka shiga kwasa. Yana da wata 'yar na'ura mai tsini da yake sokawa a buhu ta nuna masa yawan danshi. Buhu ɗai-ɗai ya bi, matashin yana sa lamba da alli. Muka wuni a wurin, da lokacin Azahar ya yi suka jira ni na yi salla na dawo. Buhu 300 na wake ne a sito, 200 suka jiƙe, sai zoɓo da citta da suka sha hayaƙi da ruwa.

Jiƙaƙƙen waken da bai kai ga wari ba, shi ya ce in nemi masu saye da gaggawa. Masu kiwo na wajen mayankar Oko-Oba suka kwashe shi a kan Naira miliyan 2 gaba ɗaya. Kayan da na saya miliyan 22 ke nan. Ranar na kasa cin abinci.

Sai maganar takardu, kuma nan ne na zaci za mu yi rigima. Kowa ya san yadda ake ciniki a Dawanau: ka kira dillalinka, ya saya, ka tura kuɗi, a loda tirela. Rasiɗi sai wanda ya nema. Fiye da rabin kayana ba su da shi. Na faɗa wa Baba haka kai tsaye ina jiran ya ce to babu biya. Sai ya ce in kawo abin da nake da shi: takardar banki mai nuna kuɗin da na tura, wayabil na direbobi, da littafin da yarona yake rubuta shige da ficen buhuna. Littafin nan da nake yi wa yaron faɗa kullum a kan ƙazantar rubutunsa, shi ya zama babban mashaidina. Suka haɗa ranar tura kuɗi da ranar da mota ta sauke da abin da ke cikin littafi, lissafi ya hau. Sannan ya ce zai sa mutuminsu na ofishin Kano ya shiga Dawanau ya tabbatar da farashin buhu a makon da aka yi gobarar.

A daren nan na ba ɗan yayata labari ta WhatsApp. Yana birnin Houston a jihar Texas ta Amurka, kuma ashe irin wannan aiki yake yi. Ni dai na san "yana aikin inshora", ban taɓa tambayarsa wane iri ba. Ya turo mini saƙon murya har na minti shida. Ya ce, "Kawu, ka tambaye shi ko lasisinsa na jihar Legas ne. Shi kuma na Kanon da zai sa baki a fayil ɗinka, yana da izinin taɓa asarar da ta faru a Legas?" Na ji maganar ta yi ma'ana. Da Baba ya dawo ɗaukar sauran takardu, na gyara zama na yi masa tambayar, ina jin kaina kamar lauya.

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Alhaji, wa ka samu a Amurka?"

Bayanin da ya yi mini, wanda dillalina ya sake tabbatar mini, shi ne: a Najeriya harkar inshora tana cikin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Jiha ba ta ba da lasisin ajasta. Hukuma ɗaya ce, NAICOM, wadda aka kafa da dokar 1997, take yi wa kamfanonin inshora da dillalai da masu ƙiyasta asara rajista, kuma rajistar da ta yi aiki a Ikeja ita ce take aiki a Fagge da Maiduguri. A lokacin gobarata Dokar Inshora ta 2003 ce take aiki, kuma ta hana kowa yin wannan sana'a ba tare da rajista ba. Daga baya a cikin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta maye gurbinta. Ban da rajistar hukuma, suna da ƙungiyarsu ta ƙwararru, ILAN, wadda Baba ya nuna mini shaidar zama ɗan cikinta. Inda ake maganar baƙo da ɗan gida, in ji shi, shi ne idan babbar asara ta faru, irin ta matatar mai ko jirgin ruwa, aka ɗauko ajasta daga Ingila: wannan sai da yardar hukuma, kuma sai ya yi aikin tare da kamfanin gida mai rajista.

Da na mayar wa ɗan yayata, shi ma ya yi dariya ya ce ya manta ƙasar da ya fito. Can wajensu kowace jiha da hukumar inshorarta da dokarta. Shi mazaunin Texas ne, don haka lasisinsa na asali na Texas ne: ya yi kwas na awa 40, ya ci jarrabawa, aka ɗauki zanen yatsunsa, kuma duk shekara biyu sai ya yi ƙarin karatu na awa 24 kafin a sabunta masa. In yana son aiki a wata jiha sai ya nemi lasisin wanda ba mazauni ba. Jihohi da yawa suna girmama na Texas, ya cika takarda ya biya kuɗi kawai. Amma California da New York da Hawaii ba sa wannan musayar, sai ka zauna jarrabawarsu. Akwai kuma jihohin da ba sa ba da lasisin irin wannan aiki sam; mutumin da ke zaune a cikinsu sai ya zaɓi wata jiha, kamar Texas ko Florida, ya ce ita ce jiharsa ta asali a takarda, ya ci jarrabawarta, sannan ya nemi na sauran jihohi da ita. In guguwa ta yi ɓarna, jihar da abin ya shafa takan buɗe ƙofa ta ba baƙi izinin wucin gadi, don ajastocinta ba za su iya da yawan gidajen da suka rushe ba. Ya ce lasisi tara yake riƙe da su, kowanne da ranar ƙarewarsa. Na ce masa, ashe ku ma kuna da irin wahalar direbobinmu, da kowace iyakar jiha sai an nemi wata takarda.

A cikin wannan hirar ne ya faɗi abin da ya fi duk bayanin lasisi amfani gare ni. Ya ce, "Kawu, ka san dai ba kai yake yi wa aiki ba ko?" Can Amurka, in ji shi, akwai wani rukunin ajasta na daban, da lasisinsu na daban, waɗanda mai asara yake ɗauka su tsaya masa a kan wani kaso. Amma wanda kamfani ya turo, kamfani ne yake biyansa.

Nan ne ƙorafina na farko a kan su Baba. Ba su yi mini ƙarya ba, amma ba su faɗa mini wannan a ranar farko ba, ni kuwa yadda na ga dattijo ya shiga caɓi domin wakena, na ɗauke shi nawa. Na saki baki na gaya masa komai, har da cewa kayan da ke sito sun kai na miliyan 48. Da na tuhume shi daga baya, ya ce shi ba na kamfani ba ne ba nawa ba ne, aikinsa ya faɗi gaskiyar asara, in ya karkata rajistarsa ce a bakin wuta. Na yarda ya yi adalci a ƙirga. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ya kamata a gaya wa mutum tun farko wa ya ba da ladan. Wanda yake tsaya wa mai kaya a nan shi ne dillalinsa na inshora, kuma da na san haka da ban zauna da su ko sau ɗaya ba tare da shi ba.

Miliyan 48 ɗin nan ita ta dawo ta cije ni, ko da yake littafin yarona ma zai tona ta ko ban faɗa ba. A 2023 na yi wa kayan sito inshorar miliyan 30, kuma a lokacin adadin ya yi daidai. Da shekara ta zagayo na sabunta a kan miliyan 30 ɗin, don kada gudummawar da nake biya ta ƙaru, alhali kowa ya ga yadda farashin wake ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai. A cikin yarjejeniyar akwai wani sharaɗi da ban taɓa karantawa ba: in ka yi inshorar kaya ƙasa da ƙimarsu, ana ɗaukarka ka zama kamfanin inshorar kanka a kan ragowar, kuma ko asarar ba ta kai adadin da ka rubuta ba, gwargwado za a biya ka. Matashin ya zana mini lissafin a bayan wani kwali. Ɓarna miliyan 26. A cire miliyan 2 da na samu wajen masu kiwo, saura 24. Talatin cikin arba'in da takwas daidai yake da biyar cikin takwas, don haka miliyan 15. A cire kashi 10 da yarjejeniya ta ce mai kaya ne yake ɗauka da kansa a kowace asara, saura miliyan 13 da rabi.

Na yi fushi, na yi faɗa, na ce ai miliyan 30 na biya wa, asarata kuwa 24 ce, me ya kawo rabon gado? Baba ya bar ni na gama, sannan ya buɗe shafin ya sa yatsa a kan layin, matashin ya fassara mini kalma bayan kalma. Ga sa hannuna a ƙasa. Wannan ba laifinsu ba ne, kuma na yaba da yadda suka zauna awa biyu suna maimaita mini har na gane, ba tare da raini ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni na san na rage adadin don in tsira da 'yan dubbai.

A wuri ɗaya na ja da su na kuma ci. Farashin da mutuminsu na Kano ya kawo na Dawanau ne, suka fara lissafi da shi. Na ce wakena ba a Dawanau ya jiƙe ba, a Agege ya jiƙe, bayan na biya kuɗin mota da na lodi da na sauke da duk abin da ake karɓa a hanya. Na kawo wayabil, dillalina ya rubuta musu wasiƙa, suka gyara suka sa Naira 110,000 kowane buhu, wanda shi ne abin da ya tsaya mini. Ba su yi gardamar banza ba, takarda suka nema, da suka gani suka canza.

Babban aibinsu shi ne jinkiri. Mako tara aka yi kafin rahotonsu na ƙarshe ya fito. Wani ɓangaren ba nasu ba ne, rahoton 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda sun ɗauki lokaci. Amma akwai mako uku cur da fayil ɗina ya kwanta don Baba ya tafi duba wata asara a Fatakwal, kuma babu wanda ya kira ya gaya mini. Ni nake kira, yarinyar ofis ta ce "ana kai". Azumi ya shigo, lokacin da wake ya fi tafiya saboda ƙosai da alala, jarina yana kwance a takarda, masu bin bashi a Dawanau suna yi mini sallama safe da yamma. Dillalina ya bayyana mini cewa dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya, amma ƙirgar tana farawa ne daga ranar da aka ba da takardar sallama, wadda mai asara yake sa wa hannu cewa ya yarda da adadin. Wato duk kwanakin da ajasta ya ɓata kafin nan, ba a cikin ƙirga suke ba. Sai da dillalin ya ambaci cewa za mu rubuta wa sashen karɓar koke na NAICOM, sannan rahoto ya fito cikin kwana huɗu. A nan na ga amfanin rajistar da idona: mai kwat ɗin nan na ranar farko, da ya karɓi kuɗina, wa zan kai wa ƙararsa?

Na sa hannu a ƙarshen Afrilu, kuɗi suka shigo bayan mako biyar, ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla.

In an tambaye ni ko zan yarda a sake turo mini su, Allah Ya kiyaye gaba, zan yarda. Sun san hatsi, ba su nemi ko kwabo a hannuna ba, har lemon da na sa a kawo musu Baba cewa ya yi a ba 'yan dako. Amma zan sa dillalina a gefena tun sallamar farko, kuma zan nemi su faɗa mini ranar da rahoto zai fito a rubuce. Wanda ba shi da littafin shige da fice, ko yake karɓar kuɗi a hannu ya biya a hannu, zai sha wuya da su, don abin da ba su gani a takarda ba ba sa rubutawa. Maƙwabcina mai katifa ba shi da inshora ko ta sisi; yanzu yana tsaron shagon ƙaninsa a Oshodi.

Kafin azumin da ya wuce sai ga matashin nan ɗan Sabon Gari ya shigo sito, wai mahaifiyarsa ta aiko shi sayen wake kwano takwas. Muka gaisa, ya ɗaga kai ya dubi sabon rufi da tukunyar kashe wuta da na rataye a bakin ƙofa, ya tambaye ni nawa na rubuta a sabuntawar bana. Na ce miliyan 55. Ya ce madalla, sannan ya ce, "To Alhaji, a yi mini ragi mana, ai mun saba." Na ce ragi babu, kuma ya gode Allah ban karɓi kuɗin kwano takwas na auna masa biyar ba.